Guntayen Muryar Hammadu

Maikano bai taɓa zama babban mutum a Magariya ba, kuma bai nema ba. Aikinsa yankan magana. Yana da akwatin ɗaukar murya da ake kira manyeto, mai zare launin ƙasa da ke naɗuwa daga wannan faifai zuwa wancan. Ranar kasuwa sai ya ɗaure shi a bayan keke, ya nufi Dungas ko Mallawa, ya ɗauko maganar manoma da makiyaya. In ya dawo ya zauna da reza, ya datse gaisuwa, ya datse tari da gyaran murya da dogon shiru, ya liƙe abin da ya saura, har maganar kowa ta zo tsawo ɗaya. Sannan ya aika gidan rediyo a Yamai. Mutanenmu kuwa in ka cire musu gaisuwa, ai ka kwashe rabin zancen.

Da babban farin nan na saba'in da uku ya zo, Maikano ya daina jin abin da ake gaya masa. Kowa shanunsa sun mutu, kowa rumbunsa wayam. Tun yana jin tausayi har ya daina jin komai. Mutum na kuka a cikin akwati, shi kuwa kunnensa na neman wurin sa reza.

A lokacin ne ya ɗauki wani dattijo makiyayi, Hammadu, a wata ruga kusa da Mallawa. Hammadu ba mai saurin baki ba ne. Zai ambaci saniya ɗaya da inda ta faɗi, ya yi shiru har ka ɗauka ya gama, sannan ya ambaci wata. Maikano ya sha aiki kafin ya mayar da shi daidai da sauran. Aka sa maganar a rediyo sau ɗaya. Ba mai rediyo a rugar, kuma Hammadu bai ga damina ta gaba ba.

Wata ranar kasuwar Magariya da hantsi wata tsohuwa ta yi sallama a zauren Maikano, ƙafarta duk ƙura. Aisa ce, matar marigayin.

"Malam, an ce muryar baban Dikko na cikin akwatinka. Ita na zo ji."

"Inna, zaren ya tafi Yamai tuntuni. Can in sun gama da shi gogewa suke, su ɗora wata maganar a kai."

Ta ce, "To." Ba ta tashi ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙa ba, ta dai zauna tana kallon akwatin.

Maikano mutum ne da ba ya iya zubar da komai, ko tsinken tsintsiya. Guntayen zaren da yake yankewa, ɗaure su yake ƙulli-ƙulli, ya jefa a wani tsohon kwando. Ya jawo kwandon ba don yana sa ran wani abu ba, sai don tsohuwar ta ƙi tafiya. Ya yi ta sa guntaye a akwati yana cirewa har azahar, kafin ya dace da ƙullin Mallawa. Ya liƙe su yadda suka zo hannunsa, ya kunna.

"Lafiya lau. Sai godiya." Tari. Dogon numfashi. Shiru, a can baya ana jin daka. "To." Wani shirun. "Haka Allah ya so." Sai tari kuma. Babu saniya ko ɗaya a ciki, babu zance mai kai da gindi. Zaren ya ƙare, bakinsa yana ta bugun akwatin.

Kunya ta kama Maikano, abin da ya daɗe bai ji ba.

"Ki yi haƙuri, Inna. Maganar duk ta tafi. Wannan shara ce kawai."

"Dakan nan ni ce," in ji Aisa. "Fura nake yi masa."

Ta gyara zama, ta matso kusa da akwatin.

"Waccan da ta tafi ta baƙi ce. Ni a gida abin da nake ji ke nan. Sake sa mini."

Maikano ya mayar da zaren zuwa farko.