Ranar Da Aka Ɗauke Ni a Dutse

Bari in tona wa kaina asiri kafin 'yan majalisarmu su riga ni. Shekara arba'in ina gyaran injin ban ruwa a Aujara, bokona bai wuce aji uku ba, shi ma rabinsa a kan mangwaron makaranta na yi shi. Da wata malama ta bugo waya daga wata kwalejin koyon sana'a a Dutse ta ce, "Baba, muna so mu ɗauke ka," ban tambayi komai ba. Na zaga gari ina shelar an ɗauke ni aikin koyarwa. Har babbar riga na ɗinka.

Ba albashi ya ruɗe ni ba. Rumfata ce ta yi shiru. Waɗanda na koya wa duk sun kama acaɓa, wasu sun faɗa Kano. Sai in wuni ina yi wa inji faɗa, ba mai dariya.

Mun tashi da asuba, mu takwas da tunkiya a motar da aka ƙera don mutum biyar. Gero ya fitar da kai hagu da dama, ni kuwa hankalina na kan rigata, ina kare ta daga bakin tunkiya. A Kiyawa muka tsaya shan koko. Ƙosan ya ƙanƙance har na tambayi mai suyar ko sau uku a rana ake haɗiyarsa bayan cin abinci. Ta ce in tambayi kuɗin wake. Hantsi ya ɗaga muka hango duwatsu da itatuwan dabino, na hau adaidaita zuwa kwalejin.

Malamar ta kai ni wani ɗaki mai sanyi. Inji a kan tebur, fitilu biyu, kyamara a tsaye kan ƙafa uku. Ko kujerar ɗalibi ɗaya babu.

"'Yata, ina ɗaliban?"

"Suna Garki, suna Kiyawa, wasu suna ajin sama. Cibiyoyi uku ne muka haɗa kai, Baba. Wani wurin akwai inji ba malami, wani akwai malami ba inji. Yanzu in mun sami gwani sai mu ɗauke shi a bidiyo, kowa ya gani a allonsa."

"Ɗaukar ke nan?"

"Ita ke nan. Wacce ka zata?"

Na ce ita na zata. Ta kuma roƙe ni in tuɓe babbar rigar, wai ban yi kama da makaniki ba.

Injin sabo ne dal, sai da na ɓata shi da hannuna: na sassauta fulogi, na toshe hanyar mai. Na tayar, na ce wa idon kyamarar ya saurara, don inji yakan faɗi ciwonsa kafin a kwance shi. Tarin yunwar mai daban, na dattin fulogi daban. Da aiki ya yi daɗi na manta inda nake, na miƙa hannu baya na daka tsawa, "Sifana goma!" Hannun ya daɗe a sama. Ni na zagaya na ɗauko.

Can sai muryar wata ɗaliba ta fito daga lasifika, daga Garki. "Baba, don Allah sake tayar da shi. Kamar na ji yana shaƙar iska ta gefe." Wallahi gaskiyarta, akwai notin da ban ɗaure ba. Shekara nawa rabona da mai irin wannan kunne! Na ce a nuna min fuskarta. Ana ƙoƙari sabis ya ɗauke, bai dawo ba har muka tashi.

Bayan la'asar na kamo hanya, rigar a leda. Abin da tafiyar ta koya min, dabarar tasu mai kyau ce, abin da na sani ya je garuruwan da ƙafata ba ta taka ba. Sai dai shi ya tafi, ni ina nan a rumfa. Kuma in an ce za a ɗauke ka, ka tambaya da me.

Na iske 'yan majalisa a ƙofar masallaci, na shirya shan tsiya. Na ba su labari tiryan-tiryan, aka yi dariya daidai gwargwado. Sai wani tsohon abokina, wanda injinsa ya fi kowanne wahalar da ni, ya gyara zama ya ce, "To alhamdu lillahi. Yanzu ko gobe ka rasu, gonata ba za ta kwana da ƙishi ba."