Yatsan Gwaggo Talatu

Duk wanda ya taɓa yi wa Gwaggo Talatu sammako a Malikanchi ya san yatsan nan nata. Ka yi sallama, ka durƙusa, ka ce, "Gwaggo, ina kwana?" ko ido ba za ta buɗe ba. Sai dai ta ɗaga yatsa ɗaya sama, wato dakata, ina magana da Babba. Ni Rifkatu, 'yar ƙaninta da ta goya tun ina shekara huɗu, na sha wannan yatsa fiye da kowa a cikinku, kuma yau da ta cika shekara guda da rasuwa babu abin da nake marmarin sake gani kamarsa.

Dokarta ɗaya ce: bakinta ba ya gaida ɗan Adam sai ya gaida Ubangiji. In ka yi ƙorafi ta ce, "Kai in ka shiga gidan mutane, wa kake fara gaisarwa, maigida ko yara?" Kuma gaisuwar ta gaske take yi. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta ɗaura ɗankwalin zumuntar mata, ta durƙusa, ta ce, "Ubangiji, ina kwana? Ina gajiya? Yaya mutanen gida? To madalla. Mu ma mun tashi, da ikonka." Sai waƙa biyu da muryar nan tata mai watsa kaji. Sannan ta shiga jera sunaye, na gida, na coci, na maƙwabta, kowa da damuwarsa, kuma da ƙarfi, don ita ba ta san raɗa ba.

Kun tuna sabon faston da aka turo mana, matashin nan da ya fito daga makaranta da ilimi fal ciki? Ya zo gaishe ta da sassafe, aka ɗaga masa yatsa, ya zauna a kan kifaffen turmi har ƙafarsa ta yi tsami. Da ta ce amin, ya gyara murya.

"Mama, addu'arki ta yi kyau. Sai dai fa Allah ba ya barci, balle a ce masa ina kwana."

"Na sani, Fasto," in ji ta. "Wanda ya kwana yana gadin mutanen Malikanchi, ai shi ya kamata a tambaya gajiya. Kai gwada gadinsu dare ɗaya ka gani."

Fasto bai sake ba. Daga ranar ya mayar da ziyararsa bayan la'asar.

Sai ranar akuya. Gwaggo ta baza wake a tsakar gida, ta durƙusa kenan, sai akuyar maƙwabcinmu Malam Haruna, mai koyar da Alƙur'ani, ta shigo ta hau waken. Gwaggo na jin garas-garas, amma ta tashi? Ina! Sai ta ƙara murya. "Ubangiji, kana gani. Akuyar Malam Haruna ce, jar nan mai tsagaggen kunne. Ni dai ban gama da kai ba, ba zan tashi ba. In kana da wanda za ka aiko, ka aiko." Matar Malam, Inna Hajara, tana hura wuta a bayan katanga, ta ji komai. Ta fito a guje da muciya a hannu ta kori akuyar. Da Gwaggo ta gama, ta dube ni ta ce, "Kin gani? Ya aiko."

Inna Hajara ta riƙe baki. "Au, Talatu, yau ni ce 'yar aiken?"

"To wa kike so ya aiko, Hajara? Ya taso mala'ika ɗungurungum a kan akuya alhali ga ki kusa?"

Jerin sunayen nan kuwa shi ne abin tsoron unguwa. In ka yi faɗa da matarka, washegari Ubangiji zai ji, mu ma mu ji. Kawu Bitrus, shugaban mawaƙanmu, yana nan zaune, ba zai ƙaryata ni ba. Shekarar da ƙafarsa ta saba da gidan burukutu, sati uku sunansa na fitowa kullum da cikakken bayani, har da hanyar da yake bi. Wata yamma ya zo ya durƙusa kamar mai neman aure.

"Gwaggo, ban hana ki yi mini addu'a ba. Amma don Allah in kin zo kaina ki rage murya."

"Ka rage ƙwarya, in rage murya."

Ya rage ɗin kuwa, har ya daina. Yau shi ke wa'azi a kan giya, kamar bai taɓa sanin ƙofar ba.

Da na sami aiki a Kaduna na saya mata waya. Na ce yanzu dai zan ji muryarta kafin in fita ofis. Ashe na yaudari kaina. Kullum da yamma sai ta jefa wayar cikin langa ta rufe, wayar ta yi ta kuka a ciki da safe kamar kaza a akurki. Na ce, "Gwaggo, ni ce fa nake kira." Ta ce, "Na sani. Ki bi layi."

Kun yi dariya, ni ma na yi. Amma akwai abin da ban taɓa gaya muku ba.

Duk zuwan da na yi gida, Gwaggo ce ke raka ni har gindin ɗorawar nan ta bakin hanya, ta ɗora mini hannu a ka, sannan in hau acaɓa. Zuwana na ƙarshe na kwana har Litinin, kuma dole in kama motar farko a tashar Ikara. Mai acaɓa na ƙofar gida yana ta danna oda. Na fito da jaka, na same ta a kan tabarma, ko rabin jerin ba ta kai ba. Na ce, "Gwaggo, zan makara." Yatsa. Na ce, "Minti ɗaya kawai, ki sallame ni ki ci gaba." Yatsa. Raina ya ɓaci, na ce, "To ki zauna da Babban naki," na fice. Maganata ta ƙarshe da ita kenan ido da ido. Na yi fushi ban kira ba, kwana tara, rana ta goma aka kira ni aka ce ta kwanta ba ta tashi ba.

Abin ya ci ni ƙwarai. Na tafi ba rakiya, ba hannu a ka, kuma ban san ko da ɓacin raina ta tafi ba. Ina ta tambayar kaina, da ta iso sunana a safiyar nan, me ta gaya masa?

Bayan an binne ta da kwana uku, Inna Hajara ta kira ni ta kan katanga. Ta ce shekara talatin tana hura wuta tana jin sunanta na tsallakowa, yanzu gari na wayewa shiru, har wutar ba ta yi mata daɗin hurawa. Sannan ta ce, "Rifkatu, ranar da kika tafi na ji komai. Da ta zo kanki sai ta ce, 'Ubangiji, ga Rifkatu can ta fita a fusace. Kada ka riƙe ta da laifi, gaggawar ubanta ce ta gado. Yau ban samu na raka ta ba, ina wurinka. Tunda kai ka tsare ni, to kai za ka raka ta. Kuma ba iya gindin ɗorawa ba.'"

Na zauna a ƙasa a wurin, ina kuka ina dariya, ban san wanne ya fi yawa ba.

Da ake rabon kayanta ban ɗauki zane ko ɗaya ba, langar nan na ɗauka. Tana ɗakina a Kaduna, kuma wayata a ciki take kwana. Ba zan yi muku ƙarya ba, wata safiyar hannuna na kai wa murfin kafin gwiwata ta kai ƙasa. Amma ina koyo, kuma jerina ya fara tsawo. Kawu Bitrus, kana ciki, sai dai ni a hankali nake faɗa.

Ubangiji, ina kwana? Ina gajiya? Yaya mutanen gida? Akwai wata a cikinsu, gajeriya, mai babbar murya, shekararta ɗaya da zuwa. Ka hutar da gwiwoyinta. Ka koya mini fara gaishe ka kamar yadda ta yi. In ta ɗaga kai daga gabanka ko sau ɗaya, ka gaya mata na isa lafiya, kuma har yau kana rakiyar. Cikin sunan Yesu, amin.