Na Cire Tabarau Ɗin Usman

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mijina Usman, direban tarakta a gonakin dawa na Gadambaliya. Bana ce shekara ta farko da zagayowar ranar ta same ni ba da tabarau ɗinsa a fuskata ba.

A kasuwar Gadarif ya saye shi. A lokacin ba a san gwajin ido ba a unguwarmu. Mai tire zai baje naddara, kamar yadda muke kiran tabarau a nan, ka ɗauki ɗaya ka ɗora, ka dubi rubutun kwalin ashana. In ya fito, ciniki ya faɗa. Haka Usman ya zaɓi nasa.

Da na fita takaba sai na ɗauka na sa. Na tashi da karatun littattafan soyayya, waɗanda a ciki mace ke riƙe zoben masoyinta har kabari. Ni ba zobe aka bar mini ba. Na ce zan ga duniya ta inda ya gan ta. Kaina ya yi ta ciwo, ina tsintar riɗi ina barin tsakuwa, na ce ai kewa ce. Sabo turken wawa.

Bayan kakar bana 'yata Safiya ta ja ni shagon gwajin ido. Na ɗora haɓa a kan wata na'ura, na leƙa, na ga hoton wani ɗan ƙaramin gida a ƙarshen doguwar hanya, yana dushewa yana fitowa. Kwamfuta ta auna kowane ido daban. Likitar ta riƙa canza gilasai tana tambaya, wannan ko wancan? Daga nan ta sa tabarau ɗin Usman a wata na'urar.

"Hajja, wannan na karatu ne. Ke nesa ce ba kya gani. Wa ya rubuta miki shi?"

Safiya ta ce, "Soyayya ce ta rubuta, ya daktora."

Suka yi dariya. Ni kuwa na tuna yadda Usman ke ƙanƙance ido in ya hango mutum a bakin layi, yadda yake gane ni da kalar mayafina. Ina jin shi ma nesa ce ta gagare shi, ya yi ta tuƙi da tabarau ɗin karatu. Da ya ga wannan na'ura, na san zai ce, "Yanzu ƙarfe ne zai gaya mini abin da idona ke gani?" Sannan ya zauna a gwada shi, don mutum ne mai son injin. Bai kai ba. Ni na kai, kuma na ji daɗi. Wannan daɗin ne ke damuna.

Da sabon tabarau ya iso, na daɗe ina juya shi a hannu, ina ji kamar zan sake aure. Safiya ta gaji da jira, ta kira ni yadda ake kiran uwa a nan.

"Yumma, sa mana. Baba ba zai yi kishi da gilashi ba."

Na cire nasa, na sa nawa. Tana tsaye can bakin ƙofa ta haɗe gira. Girar Usman ce sak, har da ɗan layin da ke tsaga goshinsa in an ɓata masa lokaci. Gani ya kori ji. Tun yaushe take yawo da fuskarsa a tsakar gidana, ni kuma na tare idona da gilashinsa?

Allah ya jiƙanka, Usman. Ka yafe mini, na ajiye tabarau ɗinka, kuma sai yanzu nake ganinka.