Sarewar Gwaggo Mirofora Ba Ta Yi Shiru Ba

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Gwaggo Mirofora a gidanta da ke birnin Limasol, tana da shekara tamanin da tara. Ni ɗan ƙaninta ne, a hannunta na tashi.

Gwaggo, tun kina yarinya a bayan awaki aka ce miki sarewar kara ta maza ce. Kika yanko kara a bakin rafi, kika fafe taki. Da yaƙi ya kore mu daga ƙauyenmu na arewa, wasu sun ɗauko zinariya, ke kuwa sarewa kika cusa a ƙirji. A tantin gudun hijira, duk yaron da ya kasa barci wurinki ake kai shi. Ba ki taɓa karɓar ladan busa a bikin ɗan gudun hijira ba.

Ba zan manta shekarar da gidan waya ya fito da kan sarki mai hoton kayan kiɗanmu ba: goge, da ganga, da sarewa irin taki. Maƙwabcinki Sofokilis ya kawo miki ɗaya yana dariya.

"Mirofora, an yi wa sarewarki jana'iza. Sai abu ya mutu ake manna shi a ambulan."

Kika ce, "Bakinka ya sari ɗanyen kashi, tsoho. Tashi mu je ka ga gawar."

Kika ja shi har shagon gahawa, inda mata ba sa zama. Kika ture katin da wasu dattawa suke bugawa, kika hau busa. Ba ki sauke ba sai da dattawan nan suka miƙe suna rawa, har da Sofokilis da ciwon gwiwarsa.

Yanzu ma wasu sun fara cewa an binne waƙoƙin makiyaya tare da ke. Ƙarya suke yi. 'Yan matan da kika koya wa a tsakar gidanki sun tsaya a bakin kabarinki sun busa, ko ɗaya ba ta kuskure ba, duk da hawaye.

Allah ya jiƙan ki, Gwaggo, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki. Ga 'yarki Kalistheni da ɗanki Evagoras da jikoki duka, Allah ya ba su haƙurin wannan rashi, ya ba mu irin taurin kanki.