Hoton da Muka Kawo wa Baba

Mijina, Allah ya jiƙansa, ba ya zagi, ba ya duka, salla ba ta wuce shi, amma ban taɓa ganin mai ɓata lokaci cikin natsuwa irinsa ba. A Makka aka haife shi, a inuwa. Ni kuwa da ƙafa na zo. Bambancinmu ke nan, kuma shekara arba'in na zaman aure ba su share shi ba.

Aikinsa yi wa alhazai jagora a ƙarƙashin wani muɗawwifi, mai kula da saukar alhazai da ɗawafinsu. A shekarun nan na bayan yaƙin Turawa cikin sanyi Hajji ke faɗowa, saboda haka in zafi ya shigo ba shi da abin yi sai zama. A irin wannan zaman ne ya jawo wani baƙin akwati mai ido guda, na ɗaukar hoto, wanda wani alhaji ɗan Jawa ya bar masa kyauta. Daga ranar gidanmu na unguwar Tandabawi bai sake hutawa ba.

Mutane ba ya ɗauka, haramun ne in ji shi. Tsuntsaye yake bi. Da tantabarun da ke sauka kan rufin kwanonmu ya fara. Fim ɗin daga Jidda ake sayo shi, ɗauka takwas ya ƙare, a sake mayar da shi can wurin wani Ba'indiye ya wanke. Bayan sati biyu a kawo takarda, ka ga sama fara fat, da ɗigo uku a tsakiya kamar kashin ƙuda. Ya nuna mini da ɗan yatsa, ya ce, "Wannan na tsakiya namiji ne."

Da wani malami ya gaya masa tsuntsu ma mai rai ne, hotonsa ba ya halatta sai an raba kai da jiki, sai ya ari allurata. Ya zauna bayan la'asar yana jan layi a wuyan kowane ɗigo, yana bisimilla. Na ce, "Malam, in ka gama yanka, a fige ko a babbake?" Bai yi dariya ba. Ba ya dariya a kan akwatin nan.

Akwai ranar da naman kaza ya tsiro a ƙarƙashin zir, randar ruwanmu, inda take ɗiga. Abin da mace mai kunya za ta share kafin maƙwabta su gani. Kwana uku ya hana ni taɓawa. Magidanci da gemunsa ya kwanta rub da ciki a tsakar gida, yana jiran rana ta juyo. Maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi, ta gan shi a miƙe ba ya motsi, ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Aikin banza, makaho da waiwaye.

To, wata rana ya dawo daga Jidda da labari. Wani masunci ya gaya masa kudu da garin akwai fadama a bakin teku, laka da itatuwa tsaye cikin ruwan gishiri, da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu ba iyaka. Masu hali suna hawa Ɗa'ifa su sha iska, shi kuwa can za shi, cikin tsakiyar zafi. Yana faɗi yana lumshe ido.

Mahaifina yana wurinmu a lokacin, ƙafafunsa sun mutu, daga tabarma sai tabarma. Ya ji komai daga ɗakinsa. Ni da shi mun san wannan fadamar.

Ina 'yar shekara bakwai muka ƙetaro teku daga Sawakin ta ƙasar Sudan cikin sambuk, jirgin ruwa na katako, bayan shekaru a hanya daga ƙasar Katsina. Masu jirgin ba su kai mu Jidda ba. Nesa da gari suka sauke mu cikin ruwa, suka nuna gabas suka ce ga Makka can. Muka yi ta ratsa laka, ta kai wa manya gwiwa, ni ta kai mini ƙirji. Innata tana fama da zazzaɓi tun a cikin jirgi. A kwana na biyu ta kwanta, ba ta tashi ba. Baba ya haƙa mata kabari da guntun katako a kan wani tudu, nesa da ruwa, ya jera duwatsu uku kusa da wata bishiya da ta karkata. Muka wuce. Bai sake taka wurin ba, kuma bai daina zancensa ba.

Ya kira mijina ya ce, "Ka ce mutane ba ka ɗauka. Ƙasa fa?"

"Ƙasa halal ce, Baba."

"To ka tafi da matarka. Ta nemo mini inda na ajiye uwarta, ka kawo mini in gani kafin a kira ni."

Mijina ya ce ɗayyib, wato ya yarda. Ya yi alkawari, cikin takwas ɗaya ta Baba ce.

Muka bar Baba a hannun maƙwabta, muka hau mota zuwa Jidda, daga nan jakai, tsohon masuncin nan yana gaba. Aka yi tafiya, aka yi tafiya, har na ji warin. Hanci ba ya mantuwa. Warin ruɓaɓɓen gishiri ne da mataccen kifi, ya shiga maƙogwarona, na sauka daga jaki na yi amai. Mijina ya buɗe hannuwa ya ce, "Masha Allahu, dubi kyau." Wanda bai ratsa laka da kaya a ka ba, shi ke ganin kyanta.

Kwana uku muka yi. Shi ya naɗe wando ya shiga ruwa, ƙaguwa na cizon yatsunsa, yana sanɗa kamar ɓarawon kaji. Ga zalɓe, ga balbela, ga wasu jajaye masu wuya kamar igiya. Duk ya matso su tashi, su sauka gaba kaɗan, su juya masa baya. Rana ta ƙone masa ƙeya har ta saɓule. Ni kuwa ina bin tudu bayan tudu, ina tona duwatsu da ƙafa. Kowane tudu kamar ɗan'uwansa, kowace bishiya a karkace take, domin iska ɗaya ke dukansu. Na tambayi masuncin. Ya ce, "Hajiya, Takari irinku, masu zuwa daga ƙasar baƙar fata, nawa aka binne a nan? Kuma bakin ruwa ba ya zama wuri guda, kowace shekara da inda yake ci."

Nakan ji ƙarar akwatin daga nesa, ƙat. Ina ƙirgawa. A rana ta uku na ƙirga bakwai, ruwan shanmu kuma ya kai gindin salka.

Mijina ya zo ya same ni a zaune, ƙafafuna sun tsattsage. Ya ce, "Yalla, nuna wuri. Saura ɗaya."

"Ban same shi ba."

"To zaɓi wani. Laka ai laka ce."

"Uwata ba a laka take ba, a tudu take."

"Shekara goma sha biyar, kina yarinya ƙarama. Shi kansa tsohon ba zai gane ba. Za ki koma masa hannu banza?"

Ban musa masa ba. Wannan shi ne laifina, na sani. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ba kamar mai neman kabari ba, kamar mai zaɓen atamfa. Can ya hango wata bishiya a bakin ruwa, inuwarta kwance a kai, balbelu biyu tsaye a gefe. Na ce, "Malam, babu ruwa kusa da kabarin Inna. Baba ya faɗa sau ɗari." Ya ce in rage murya kada su tashi. Na ji ƙat.

Sati biyu bayan mun dawo aka kawo hotunan. Bakwai ɗin kamar kullum. Na takwas kuwa, abin haushi, ya fito sarai, shi kaɗai a duk rayuwarsa. Ya kai wa Baba da hannu biyu, ina tsaye a bakin ƙofa.

Baba ya kai takardar kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ruwa ya matso ke nan."

Mijina ya ce, "Ya matso, Baba. Masuncin ma ya faɗa."

"Duwatsun fa?"

"Suna bayan bishiyar."

Sai Baba ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ke, nan ne?"

Na dubi hoton a hannunsa. Na ce, "Nan ne, Baba."

Ya ce alhamdu lillahi, ya shafa addu'a. Ya sa aka naɗe hoton a tsumma aka sa masa ƙarƙashin matashi. Wata bakwai ya ƙara a duniya, kowace safiya sai ya warware ya duba, ya yi wa Inna addu'a yana kallon bishiyar da ba ta san ta ba. Malamai sun ce addu'a ba ta ɓatan hanya, da wannan nake rarrashin kaina. Amma ƙaryar ni na yi ta, da bakina, ga mahaifina yana kwance ba lafiya, kuma ni zan amsa ta.

Da Baba ya rasu, ranar sadakar uku, mijina ya zo ya tambaye ni ko hoton yana nan, kada a haɗa shi da kayan da za a rabar. Ya karɓa ya goge da hannun riga. Na ji shi a zaure yana nuna wa masu gaisuwa, yana ce musu sirrin abin shi ne ka bar rana a bayanka.