Gashin Karen Maƙwabciyata

Bazara ce, sanyin Jos ya ja da baya, ruwa kuma bai sauka ba. A shekarar kowa a unguwarmu ƙasa-ƙasa yake magana, don ba a daɗe da lafawar tashin hankali ba. Maƙwabciyata, 'yar ƙabilar Ibo mai shago a bakin layi, ta kwashe 'ya'yanta za su garinsu sai hankali ya kwanta. Direba ya ƙi ɗaukar karensu. Ta jawo shi har ƙofarmu tana hawaye, ta ce, "Maman 'yan biyu, riƙe mini." Na ce to, tun kafin in shawarci Malam, mijina.

Malam ya yarda, amma a bayan gida, nesa da inda muke salla. Ni kuwa tun da nake ban taɓa taɓa kare ba. Da dogon icce nake tura masa kwanon tuwo.

Sai gashinsa ya fara zuba. Ja ne mai kauri, kullum in na yi shara sai na tara kamar an buɗe matashin kai. Malam ya dawo daga kasuwar Katako da ƙurar katako a hularsa, ya leƙa, ya ce, "Ƙazwa ce. Ko a shafe shi da baƙin mai, ko ya bar gidan nan kafin yara su ɗauka." Har ya zo da man a gwangwani.

Na roƙe shi ya ba ni zuwa gobe. Amana ce. In matar nan ta dawo, me zan nuna mata?

Da la'asar na tafi wajen mai waya a ƙarƙashin lema, na kira maƙwabciyata. Ina faɗa mata ta fashe da dariya.

"Yana susa?"

"Ba ya yi."

"Yana cin abinci?"

"Ya fi Malam ci."

"To, rigar sanyi ne yana cirewa! Kowane shekara haka. Buɗe gashin da hannu, duba fata. In babu ƙurji, lafiyansa lau. Kar a sa masa baƙin mai, zai lasa ya mutu."

Na ce, "Da hannu?"

Ta gane, don ta san ni. Ta ce, "Yi haƙuri, 'yar'uwa. Ba ya cizo." Sai ta tambaye ni ko har yanzu yana kwana kansa na fuskantar ƙofarsu. Na ce eh.

Da na dawo na sa hannuna cikin leda, na tsuguna gaban karen. Ya ɗago ya dube ni, bai motsa ba. Ledar tana zamewa, ba na iya raba gashin, sai na cire ta. Ashe jikinsa ɗumi gare shi kamar na jariri. Ƙarƙashin tsohon gashin fatar tana nan fes, ga wani sabo gajere yana fitowa, mai laushi.

Na kira Malam. Ya zo ya tsaya daga nesa, hannuwansa a baya, ya sunkuyo ya daɗe yana dubawa.

"Ikon Allah," ya ce. "Ke yanzu har likitar karnuka kin zama?"

Na ce a ajin yaƙi da jahilci ba a kai mu nan ba. Ya yi dariya, ya ɗauki gwangwaninsa ya ce zai shafa wa ƙyauren ɗaki. Na wanke hannu da sabulu, na yi alwala.

Washegari, bayan yara sun tafi makaranta, na ɗauko tsohon matajina mai karyayyun haƙora, na zauna a kan kujera 'yar tsuguno, na taje karen tun daga wuya har wutsiya. Ya lumshe ido. Gashin da na tara ban zubar ba, na ɗora a kan katangar da ke tsakanin gidanmu da nasu, tsuntsaye suna ta zuwa suna ɗiba.