Tarwaɗa Mai Tsagaggiyar Wutsiya

Duk wanda ya tashi a tsohon garin Katagum ya san Bappa Jaji, mai gadin gurbi. In rani ya yi kogi ya ja baya, gurbi ɗaya ne ke riƙe ruwa, can ƙasa da inda ake ɗaure kwale-kwale. Tun zamanin kakanni ba a taɓa kifinsa sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini. Shekara goma sha bakwai Bappa yana tsaron wurin, kuma wallahi ban taɓa ganin mai zargi irinsa ba. In kun gaisa, sai ya shinshina hannunsa ko zai ji ƙarni.

A ranin 2004 ya fara ganin sawu a laka. Hankalinsa ya tashi, don in aka buɗe gurbi ba kifi, sunansa ya ɓaci, sandar gadi kuma ta bar hannunsa. Nan take ya ɗora zargi kan Ya Gana, Babarbariya mai bandar kifi, wadda hayaƙinta ba ya yankewa.

"Daga Gashuwa ake kawo min, Malam," in ji ta.

Bai yarda ba. Ya nemi izinin Sarkin Ruwa, ya kama tarwaɗa ashirin, ya tsaga wa kowace wutsiya, ya mayar ruwa. Kullum sai ya je ya juya kifin Ya Gana ɗaya bayan ɗaya a gaban masu saye, har ciniki ya guje ta. Na tausaya mata ƙwarai.

Wata Laraba matarsa Saudatu ta kawo masa tuwo bakin gurbi. Ya sa hannu a miya ya ɗago wutsiya. A tsage take, tsagar wuƙarsa.

"Ina kika samo wannan?"

"Ƙaninka Hussaini mana, Malam. Wata biyu ke nan yana kawowa in ka tafi masallaci. Ya ce rabon mai gadi ne."

Ranar bai ci tuwon ba. Ya kai wa Sarkin Ruwa sandar da wutsiyar, sannan ya wuce rumfar Ya Gana don neman gafara. Ya tarar murhun ya yi sanyi. Tun shekaranjiya ta kwashe kayanta ta koma Azare.